Mutanen Ɓoye A Daji, Ɗan Baffa A Gida

Duk daren da wata ya cika, 'yan mata biyar uwa ɗaya uba ɗaya sukan sa wa ƙofar ɗakin kwanansu sakata, su ci ado, su durƙusa a wata kusurwa su ɗaga hannuwa a hasken kyandir. Da inuwar hannuwan ta sauka a jikin bango sai dutse ya buɗe. Su gangara wata doguwar matakala, su iske kwale-kwale na jiransu a bakin tafki, a haye da su zuwa wani fili a tsakiyar kurmi inda mutanen ɓoye ke kiɗa da rawa har gabanin asuba. Shekara 9 ana wannan zuwa, ba wanda ya sani, har mahaifinsu. Tatiana ce babba, shekarunta 16. Jena mai ba da labarin ke bi mata da 15, sai Iulia, sai Paula mai son karatu, sai auta Stela 'yar shekara 5. A aljihun Jena kuwa akwai wani kwaɗo mai suna Gogu, wanda ita kaɗai ke jin maganarsa a cikin ranta.

Haka littafin Wildwood Dancing ya soma. Juliet Marillier ce ta rubuta shi, haifaffiyar Dunedin ta ƙasar Niyu Zilan a 1948, mazauniyar Yammacin Ostareliya. Ya fito a 2006, ya kuma ci kyautar Aurealis ta labarin almara mafi kyau a wannan shekara. Ta kafa labarin a tsaunukan Transilbaniya, yankin da yau ke cikin Romaniya, a wani zamani na can baya da fataken birnin Brasov ke safarar yadi da kayan ƙamshi tsakanin Gabas da Yamma. Mahaifin 'yan matan, Teodor, ɗaya ne daga cikin fataken nan. Matarsa ta rasu, ɗa namiji babu, gidansu kuwa wani tsohon gini ne na dutse mai suna Piscul Dracului, a bakin daji.

Lokacin da littafin ya fito ba a riga an raɗa wa irinsa suna ba. Sai bayan annobar korona kasuwar littattafan Turanci ta cika da wani nau'in almara da ake nema don kwanciyar hankali, wanda babu yaƙin ƙare dangi a cikinsa, babu sarkin duhu da ke shirin halaka duniya. A 2022 Travis Baldree ya fito da Legends & Lattes, labarin wata mayaƙiya da ta ajiye takobi ta buɗe shagon gahawa. A 2023 Heather Fawcett ta Kanada ta fito da labarin Emily Wilde, malamar jami'ar Kambirij da ta tafi wani ƙauye mai tsananin sanyi tana tattara bayanan mutanen ɓoye. Masu karatu suka waiwaya baya suna neman magabatan wannan salo, da yawa suka sa littafin Marillier a sahun gaba: ga 'yan'uwa mata, ga murhu mai ɗumi, ga dusar ƙanƙara a waje, ga aure a ƙarshe.

Sukar da ake wa irin waɗannan littattafai sananniya ce, kuma ba ta banza ba ce. Ana cewa sun ɗauko halittun da kakannin Turawa ke tsoro tsakani da Allah, sun wanke su, sun mai da su abokan wasa. Na yarda da rabin wannan magana. Akwai littattafai birjik da suka yi hakan, waɗanda mutum zai karanta ya ajiye bai ji komai ba. Amma ina da yaƙinin cewa Marillier ta yi wani abu dabam, kuma abin da ta yi ya fi kusa da gaskiyar tarihi fiye da labaran ban tsoro da ake yaba wa riƙon asali. Ta bar wa daji haɗarinsa, amma babban haɗarin ta zaunar da shi a falon gida, da makullin akwatin kuɗi a hannunsa.

Sai an san abin da mutanen karkara suka yarda da shi kafin a gane nauyin wannan zaɓi. A ƙauyukan Romaniya akwai wasu mata na ɓoye da ake kira iele, masu rawa a da'ira cikin dare, a mararraba ko bakin ruwa ko sararin kurmi. An ce inda suka taka ciyawa kan ƙone. Wanda ya leƙa su, ko ya taka wurin rawarsu, yakan wayi gari da shanyewar jiki, ko ya bebance, ko hankalinsa ya taɓu. Tsoron ya kai har akwai ƙungiyar maza masu rantsuwa, Calusari, da ke fita a makon Rusalii, kwana 50 bayan Ista, ɗauke da tafarnuwa da tazargade, suna rawar warkar da waɗanda iele suka shafa. A 2005 UNESCO ta sa wannan rawa cikin manyan al'adun gado na duniya. Tafkin da 'yan matan littafin ke hayewa, Taul Ielelor, sunan waɗannan mata yake ɗauke da shi, kuma mutanen kwarin ba sa kusantar bakinsa. Mai karatu Bahaushe da ya tashi ana hana shi zama ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana, ko zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, ya san irin wannan taka-tsantsan, ko da yake mutanen ɓoyen Turawa da aljanun da muka sani ba abu ɗaya ba ne.

Ga kuma abin da takardun kotu suka adana. A watan Maris na 1895, a ƙauyen Ballyvadlea cikin gundumar Tipperary ta ƙasar Ayilan, wata mata mai suna Bridget Cleary, 'yar shekara 26, ta kwanta rashin lafiya. Tela ce mai keken ɗinki nata na kanta, tana kuma kiwon kaji tana sayar da ƙwai. Mijinta Michael, mai sana'ar haɗa gangunan katako, ya sa a ransa cewa wadda ke kwance a gadon ba matarsa ba ce, mutanen ɓoye sun ɗauke ta gaskiyar sun ajiye tasu a madadinta. Dangi maza suka danne ta aka ɗura mata jiƙon ganye cikin madara, aka ɗaga ta bisa murhu ana ta tambayarta ko ita ce. Mahaifinta yana ɗakin. Daren da ya biyo baya mijin ya watsa mata kananzir ta ƙone. An tono gawarta daga wani ɗan rami bayan kwanaki, aka yi shari'a a Clonmel, aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 20. Angela Bourke, wadda ta rubuta littafi a kan lamarin a 1999, ta ja hankali ga abin da ke ƙarƙashin camfin: mace ce mai kuɗin kanta, mai sa tufafin da suka fi na maƙwabta, mai baki, wadda ta yi shekaru da aure ba haihuwa.

Babu aljani ko ɗaya da ya taɓa Bridget Cleary. Hannun miji ne, da idon dangi. Duk inda aka bi sawun irin waɗannan labarai zuwa takardun hukuma, abin da ake tararwa ke nan: yaro mai larura da aka ce musanye ne, mace da ta fita daga layin da aka shata mata. Don haka marubucin da ya zana mutanen ɓoye da farata da haƙora ya ce ya riƙe asali, rabin asalin kawai ya riƙe. Ɗaya rabin shi ne mutumin da ke fakewa da tsoronsu ya yi abin da ransa ya daɗe yana so.

Wannan mutumin a littafin Marillier sunansa Cezar. Teodor ya kamu da ciwon ƙirji, dole ya tafi Constanta a bakin Bahar Aswad ya yi hunturu inda sanyi ya yi sauƙi. Ya bar gida a hannun Tatiana, ya bar lissafin fatauci a hannun Jena, wadda shi da kansa ya koya mata, ya ce in abu ya gagara su nemi baffansu Nicolae da ke maƙwabtaka da su. Ba a jima ba Nicolae ya mutu a wurin farauta. Ɗansa Cezar ya gaje shi, ya kuma ɗauka cewa har da 'yan matan ya gada.

Abin da ya sa na ce marubuciyar ta san aikinta shi ne yadda ta tafiyar da ƙwacen. Cezar bai zo da takobi ba. Taimako ya zo yi. Yau ya duba lissafi ya ce an yi sakaci, gobe ya ɗauke akwatin kuɗi ya ce zai fi tsaro a wurinsa, daga nan duk abin da gidan ke bukata sai an je an roƙe shi. Ya sa aka raba Paula da limamin cocin da ke koya mata karatu, don a ganinsa ilimi ɓata mace yake yi. Ya kunyata Iulia a kan rigar da ta sa. Ya nemi Jena da aure, ta ƙi, bai ɗauki ƙin nata a bakin komai ba. Kowane mataki da dalilinsa, kuma dalilin kullum ɗaya ne: ku mata ne, ba namiji a gidan, ni ke kare ku. Ba ya ganin kansa azzalumi ko na minti ɗaya. Mutanen kwarin ma ba sa ganinsa haka, yaron kirki suke gani da ya ɗauki nauyin dangi.

Marillier ba ta sauƙaƙa wa kanta ba, domin ta ba Cezar hujja ta gaske. Tun suna yara wansa Costi ya nutse a wancan tafki a gabansa. A wannan hunturun kuma wasu baƙi da ake kira Mutanen Dare, masu shan jini, sun shigo dajin, aka wayi gari an kashe 'yar mai niƙan hatsi. Yarinya ta mutu da gaske, iyayenta na kuka da gaske. Amma dubi abin da ya yi da wannan mutuwa. Ya tara maza suka shiga farauta, suka kama wani wada wanda ba ruwansa, ɗaya daga cikin abokan rawar 'yan matan, suka azabtar da shi har ya mutu. Ya sha alwashin sare dajin duka. Ya kai ga sa 'yan gadi su kwana a cikin ɗakin 'yan matan a daren cikar wata. A wurina nan ne littafin ya fi tayar da tsikar jiki, fiye da duk wani taron masu shan jini a duhun wata: maza baƙi zaune a ɗakin da ya rage wa 'yan mata biyar a duniya, da iznin wanda ya ce shi ne waliyyinsu. Can ƙarshe aka gano cewa a wasan yara da suka yi a bakin tafki, da wata tsohuwa ta ce kowa ya ba da abin da ya fi so don ya sami abin da yake buri, Cezar ɗan'uwansa ya bayar. Ƙiyayyar da yake wa daji, gudun tuna wannan rana ce.

Tarihi yana goyon bayan wannan zane. A 1514 Istvan Werboczy ya tattara dokokin gargajiya na masarautar Hangari, wadda Transilbaniya ke ƙarƙashinta a lokacin, cikin kundin da ake kira Tripartitum. A cikinsa ƙasar gado ta manyan gida layin maza take bi. 'Ya'ya mata, komai yawansu, kashi ɗaya cikin huɗu suke rabawa, shi ma galibi kuɗi ake biyansu don kada ƙasa ta fita daga dangi. Dokar manyan masu ƙasa ce, dangin Jena kuwa fatake ne, littafin ma bai ambace ta ba. Amma tunanin zamanin ke nan, cewa gidan da ba ɗa namiji gida ne mai jiran wanda zai karɓe shi. Mu kuwa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Shari'ar Musulunci ta yanka wa 'ya mace kasonta, ta yi kakkausan gargaɗi a kan dukiyar maraya, duk da haka kowace unguwa ta san baffan da ya ce a bar gona a hannunsa har yara su girma, yaran suka girma suka yi aure suka haihu gonar na hannunsa. Wanda ya san wannan zai gane Cezar tun daga sallamarsa ta farko.

Ƙashin bayan labarin daga tatsuniyar Jamus aka ɗauko shi, wadda 'yan'uwan nan Grimm suka buga a 1815: 'ya'yan sarki mata 12 da ake kulle su da dare amma a wayi gari takalmansu sun cinye saboda rawa. A can sarki ya yi shela, duk wanda ya gano sirrin ya zaɓi ɗaya ya aura, wanda ya kasa a kashe shi. Wani tsohon soja ya ƙi shan abin barcin da suka ba shi, ya bi su a ɓoye, ya tona, aka ba shi babbar. Tatsuniyar tana bayan soja, mai leƙen asiri shi ne gwarzo, 'yan matan ko suna ba su da shi. Marillier ta shiga ɗakin ta tsaya tare da su. Da zarar an tsaya a nan, sai sojan da sarkin su haɗe su zama mutum ɗaya, wato Cezar, abin barcin da ake zuba wa ɗan gadi kuma ya tashi daga makirci ya koma kare kai. Ba ta canza abin da ya faru sosai ba, wurin tsayuwa ta canza, kuma wannan ya isa.

Akwai wani gyara da ta yi wa tsohon gado wanda ya fi wannan girma. A tatsuniyoyin da, ko a Turai ko a nan, 'yan'uwa mata kishiyoyin juna ne. Muna da 'yar mowa da 'yar bora a tatsuniyar Ruwan Bagaja, ɗaya ta je da ladabi ta dawo da arziki, ɗaya ta je da rashin kunya ta dawo da abin kunya. Jamusawa na da irinta a labarin Frau Holle. A Ingila da Sikotilan akwai tsohuwar waƙar 'yan'uwa biyu, ta 10 a kundin Francis James Child, inda yaya ta tura ƙanwa a ruwa saboda saurayi, aka yi kayan kiɗa da ƙashinta da gashinta, kayan kiɗan ya tona asiri. Duk a cikinsu namiji ko dukiya ne ladan, 'yar'uwa ce shingen. Christina Rossetti na cikin waɗanda suka fara karya wannan a 1862 da Goblin Market, inda Laura ta ci 'ya'yan itacen mutanen ɓoye ta soma ƙanjamewa, Lizzie ta je ta sha wuya a hannunsu ta dawo mata da magani. A 2025 Amal El-Mohtar ta koma kan waccan waƙa ta 'yan'uwa biyu a The River Has Roots, ta cire laifin daga wuyan 'yar'uwa ta ɗora wa manemin da aka ƙi.

'Yan matan Piscul Dracului a wannan layi suke, amma ba mala'iku ba ne, kuma wannan ne ya sa na yarda da su. Iulia na da son ado da ƙorafi. Paula na iya gundurar mutum da sani. Tatiana ta faɗa soyayya ta saki ragamar gida gaba ɗaya, ta bar ƙanwarta da kaya. Jena kuwa, ga kai ga ƙoƙari, amma tana da ciwon na-fi-kowa-sani. Daɗin da mai karatu ke ji a littafin daga nan yake fitowa, daga faɗan da ake yi a shirya kafin a kwanta, da ɗinkin rigunan rawa, da madafar tsohuwa Florica inda ake tuƙa mamaliga, tuwon masarar mutanen wurin, ana lissafin abin da ya rage a rumbu. Kwanciyar hankalin ba kyauta ba ce. Aiki ne da wasu hannuwa ke yi kullum, kuma an nuna mana akwai mai iya ƙwace shi. Littattafan wannan salo da ba sa zama a rai su ne waɗanda suka ba da murhu mai ɗumi ba tare da sun nuna wanda ya faskara itacen ba.

Wurin da marubuciyar ta fi zurfi, a ganina, shi ne inda ta bari Jena ta yi kama da Cezar. Tatiana na son wani saurayi mai suna Sorrow da ya zo tare da Mutanen Dare. Jena ta yanke hukunci tun ranar farko cewa mugu ne, ta shiga tsakani, ta yi ta shirya yadda za ta raba su, duk da sunan kare yayarta. Haka ta yi wa Gogu. Ta sumbace shi ya rikiɗe ya zama saurayi, amma da yake ta taɓa ganin fuskarsa a wani madubin tsafi yana zama dodo, sai ta guje shi, ta yarda da madubi ta ƙi yarda da abotar shekaru. Ashe Costi ne, bai mutu ba. A duka biyun tsoro ne ya sa ta, so ne kuma ya sa ta, kuma a duka biyun ta cutar da wanda take so. Bambancinta da ɗan baffanta shi ne ita ta iya tsayawa ta saurara. Littafin da ake sayarwa don ya sanyaya zuciya, a ce ya gaya wa 'yan mata masu karanta shi cewa mai so ma yana iya zama mai danniya, ko da 'yar'uwa ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma akwai wurare uku da ba zan yi shiru a kansu ba.

Na farko tarihi ne, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Transilbaniyar wancan zamani ƙasa ce ta al'ummomi da yawa: manyan gidajen Hangari, Jamusawan da suka gina Brasov da Sibiu, mutanen Sekeli, da Romaniyawa waɗanda yarjejeniyar 1437 ta bar su a waje da masu faɗa a ji. Daular Usmaniyya na ƙofa. Labarin bai shiga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Kwarin a rufe yake, sunaye da abinci da camfi ne kawai ke nuna inda ake. Duk da haka ta fi Bram Stoker adalci, wanda ya fito da Dracula a 1897 bai taɓa taka ƙasar ba, ya bar wa yankin sunan da har yau yake fama da shi. Marillier aƙalla ta mai da shi wurin da mutane ke zaune suna dafa abinci.

Na biyu ya fi damuna, domin 'yan mata matasa aka rubuta wa littafin. Da aka raba Tatiana da Sorrow, sai ta daina cin abinci. Ta yi ta ramewa har ta kai gargarar mutuwa, kuma labarin ya karɓi wannan a matsayin shaidar cewa sonta na gaskiya ne. A waƙar Rossetti ƙanjamewar Laura ciwo ce, 'yar'uwa ta nemo magani ta dawo da ita cikin mutane. A nan maganin shi ne a miƙa yarinyar ga abin da ya kwantar da ita. Sorrow ya cika sharuɗɗan da sarauniyar daji Ileana ta gindaya masa, ya zo ya ɗauke ta, suka ƙetare, hanyar kuma ta rufe. Na fahimci abin da ake so Jena ta koya, wato ta saki. Na kuma yaba da cewa littafin bai yi ƙaryar cewa kowa ya dawo gida lafiya ba: an shiga hunturu su biyar, an fita su huɗu, kuma rashin ya tsaya rashi. Amma yarinya 'yar shekara 16 da ta ƙi abinci saboda saurayi taimako take bukata, ba shaidar soyayya take bayarwa ba. Da Tatiana ta zaɓi tafiya tana tsaye da ƙafafunta, cikinta a cike, da zaɓin ya fi nauyi, darasin Jena ma da ya fi tsabta. Uwar da za ta ba 'yarta wannan littafi, ya kamata ta zauna su yi magana a kan wannan babi.

Na uku shi ne yadda aka karya Cezar. Duk jarumtar Jena, duk gardamar da ta yi da shi ido da ido, ba ita ta kore shi ba. Costi ne ya dawo, kuma da yake shi ne babba, gidan da gonakin suka koma hannunsa, Cezar ya tattara ya bar kwarin. Sannan Teodor ya warke ya dawo gida. Wato maza biyu na halal sun dawo, sai aka sami sauƙin na haram. Da kwaɗon nan kwaɗo ne kawai, da kuma ciwon ƙirji ya yi ajalin Teodor a Constanta, babu wata ƙofa da 'yan matan za su ƙwanƙwasa. Ana iya cewa ai gaskiyar zamanin ke nan, kuma marubuciyar da ta sa 'yar shekara 15 ta kayar da al'adar gado da bakinta kaɗai ƙarya za ta yi. Na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ƙarshen ya wuce wannan da sauri, ya shiga shirin aure, ba tare da ya bar mai karatu ya ji irin ƙyar da aka sha ba. Littafin ya kwashe ɗaruruwan shafuka yana nuna cewa matsalar ba halin mutum ɗaya ba ce, tsarin da ya ba shi makulli ne. A ƙarshe makullin ya koma hannun namiji mai kirki, aka ce an gama.

Marillier ta sake komawa ga wannan gida a 2007 da Cybele's Secret. A can an bi Paula ne, wadda aka taɓa ƙwace wa malami, ta girma ta tafi Santambul tana taya cinikin wani tsohon kayan tarihi, tana shiga ɗakin karatu tana gardama da masana, tana burin kafa sana'ar littattafai tata ta kanta. An ba ta fili fiye da wanda yayarta ta samu, kuma ta yi amfani da shi. A can ma dai, sai da mahaifinta ya ga dama ya ɗauke ta a matsayin mataimakiyarsa kafin ta hau jirgin.